Bahon Gishirin Inna

Yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, ku yafe ni. In ban fitar da abin da ke cikina ba, a kan ɗaliban ajina zan huce ranar Litinin, su da ba su ci ba ba su sha ba. Ku masu aiko min saƙo kullum kuna tambaya, "Hanifa, yaushe za mu sha biki?" ku gyara zama ku ji yadda bahon roba guda da dunƙulen gishiri suka tsaya tsakanina da Luƙman.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan: sunana Hanifa, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata lakwal, wato makarantar firamare, a Dogon Dutsi. Mu biyu ne rak a gidanmu, ni da mahaifiyata, Inna Asiya. Luƙman shi ne mai nemana, shekara biyu ke nan. Yana da butik, wato shagon kayan waya, a bakin kwalta kusa da tasha. Mutum ne mai riƙo da addini, wandonsa bai taɓa sauka ƙasa da idon sawu ba, ba ya ba mace hannu, in an kira salla ko mai saye na tsaye rufe butik yake yi. Ba zan ɓoye muku ba, wannan halin na cikin abin da ya sa na so shi. Na ɗauka mai tsoron Allah ba zai taɓa zaluntar tsohuwa ba.

Baba ya rasu shekara ɗaya da wata huɗu da suka wuce. Inna ta yi takaba ta gama, amma kamar jikinta ne kawai ya fita, ita tana ciki. Wadda a da in tana faɗa da kaji sai an ji ta a gida na uku, sai ga ta zaune a tabarma ta juya wa tsakar gida baya, tana kallon bango daga safe har yamma. In na gaishe ta, kai take ɗagawa. In na kai abinci, loma biyu ta ture. Ƙafafunta suka dinga kumbura suna yi mata tsami, barci ya ƙaurace mata. Na kai ta likita, aka ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini, aka rubuta ƙwayoyi, aka ce a rage gishiri a miya. Muna shirin fita sai Madam Ummu, ma'aikaciyar da ta duba ta, ta ja ni gefe. Ta ce tunda an auna babu ciwon suga kuma babu gyambo a ƙafar, in riƙa tsoma mata ƙafafu a ruwan ɗumi da ɗan gishiri kamar minti goma sha biyar, in murza mata a hankali. Ta ce wannan ba zai maye gurbin ƙwayoyinta ba, amma yana sassauta jiki, kuma abin da ya fi komai in zauna kusa da ita har ruwan ya huce.

Ban yi mamaki ba, domin ni ma na san ruwan gishiri. Duk wadda ta taɓa wuni tana ɗaga murya a kan yara saba'in da ƙurar alli ta san in maƙogwaro ya kama, kurkure da ruwan ɗumi da gishiri shi ne abokin tafiya. Na sayi baho shuɗi a kasuwa. Gishirin kuwa Kawu Jibo ne ya kawo, ƙanen Inna da ke kiwon tumaki a Dumega. Gishirin Foga yake saye wa dabbobinsa, mai ɗan duhun nan da ake naɗewa da kaba, sai ya ɓallo mana dunƙule. Da Inna ta ji ƙanshinsa na ga hancinta ya motsa. Da shi aka yi musu miya suna yara.

Kullum in na taso daga lakwal, muka yi la'asar, sai in ɗora ruwa. In daka gishirin a ɗan turmi, in auna da 'yar ƙwarya, in zuba, in gwada zafin da gwiwar hannu. Inna ta zauna a kujerar tsugunno ƙarƙashin dogon yaro, ba ta ko cire farin hijabin da ta yi salla da shi ba. In kama ƙafarta in sa. Kwana takwas muna haka ba ta ce min uffan ba. Rana ta tara na yi gaggawa ban sirka ruwan sosai ba, tana tsoma yatsa ta janye, ta harare ni ta ce, "Ke Hanifa, dahwa ni za ki yi? Ƙara na sanyi."

Na tashi in ɗebo ruwan sanyi, a bakin randa na tsaya na yi kukana na ƙoshi. Faɗan uwata na ji bayan wata bakwai.

Daga nan abin ya dinga buɗewa kaɗan-kaɗan. Ta kan lumshe ido in ina murza mata diddige, tana ɗan gunguni a maƙoshi, waƙoƙin daka na 'yan matancinta waɗanda ta manta kalmominsu. In ruwan ya fara hucewa sai hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin yadda Baba ya zo zance da aron keke ya faɗi a gaban ƙawayenta. Ta tambaye ni wane yaro ne ya yi fitsari a aji yau. Ta fara cinye tuwonta, ta fara barci, kumburin ya kan sauka har silifa ta shiga. Ni ban ce gishiri ne ya yi duka ba, ƙwayoyinta ma tana sha. Abin da na sani shi ne, a cikin yini guda wannan rabin awar ne nake da uwa.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan masifar ta ɓuya. Da farko in mun gama, gindin zogalen Inna nake zubar da ruwan. Kafin sati biyu ganyen ya yi rawaya ya zube, Inna ta wanke ni tas, ta ce ina malamar lakwal ban san gishiri na kashe shuka ba. Sai na koma zubarwa a kusurwar katanga ta bayan madafa, hanyar makewayi, inda ba abin da ke tsirowa. Wata da watanni ina zubawa wuri ɗaya, rana na busarwa, sai wurin ya yi fari fat, zagaye kamar faifai. 'Yar ƙwaryar awon gishirin ma a nan nake kife ta ta bushe. Ban taɓa tsayawa na kalli wurin sau biyu ba.

Ranar wata Alhamis sai ga Anti Mubaraka, yayar Luƙman, ba waya ba saƙo. Sallamarta ma sai da ta shigo tsakar gida muka ji. Baƙin jilbabi har ƙasa, safar hannu, jaka a hammata, turarenta ya riga ta isowa. Ta tarar da Inna cikin farin hijabi, ido a rufe, tana gunguni tana ɗan kaɗa kai, ƙafafu a baho, ni kuma durƙushe a gabanta. Na shimfiɗa mata tabarma da hannu a jiƙe. Gaisuwar da ta yi a tsaitsaye ce, na kawo ruwa ta ce ta ƙoshi. Can ta ce za ta kewaya, na nuna mata hanya. Ta ɗan jima, ta fito ta ce sauri take yi, ta tafi. Inna har cewa ta yi, yarinyar nan kunya gare ta. Kunya fa, jama'a.

Kafin a kira magariba wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Luƙman: kusurwar katangarmu, farin zagayen nan, da ƙwarya a kife. Ƙasansa ya rubuta:

"Slm. Mi ne ne wanga?"

Na yi dariya na rubuta masa cewa ruwan wankin ƙafar Inna ne. Ya karanta. Minti biyar sai ga wani:

"Hanifa ki hwaɗa min gaskiya don Allah. Kakarki ta Matankari 'yar bori ce ko a'a?"

Nan take na daina dariya. E, kakata ta wajen uwa 'yar bori ce, duk Matankari an san ta, an ce iskar da ake kira Doguwa ke hawanta. Ta rasu ina 'yar shekara tara. Wa zai ce shi ɗan Arewa ne tsatso bakwai babu mai iska a danginsa? A tona na Luƙman ma a gani. Inna kuwa tun kafin a haife ni ta rabu da wannan sha'ani, ta shiga islamiyyar mata, izu biyar ta haddace da tsufanta. Ban taɓa ɓoye wa Luƙman ba, bai dai taɓa tambaya ba ne.

Sai ya turo min muryar yayarsa da ta aika a zauren WhatsApp na danginsu. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, na saurara sau uku don in tabbata kunnena ba ƙarya yake min ba. Wai ta gani da idonta. Farin tufa, farar ƙasa, ƙwarya a kife, ido a rufe, waƙa a maƙoshi, kuma ranar Alhamis. Wai shirun da Inna ta yi bayan rasuwar Baba iskar gado ce ta zo neman wurin zama, mu kuma muka buɗe mata kusurwa muna shayar da ita kullum, shi ya sa ta sassauta wa Inna har take magana. Wato sauƙin da uwata ta samu shi ne shaidar laifinta. Ta rufe da cewa irin wannan abin ɗiya mace yake bi, su yi tunanin jikokin da za a haifa musu.

Na cika na yi fam. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge, don duk wadda na rubuta sai na ga zagi a ciki. A ƙarshe na ce masa ya zo gobe mu yi magana baki da baki.

Ya zo bayan sallar Juma'a, cikin jallabiya ruwan toka da farar hula, ya kafe motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gida ya zauna a kan dakali can nesa da ni kamar yadda ya saba. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, daga likita har zogale. Na ce ya shigo ya ga bahon, ya ɗanɗana ruwan in yana so, ya je ya tambayi Madam Ummu, ga lambarta. Na tuna masa lokacin da haƙorinsa ya hana shi sukuni, wa ya ce masa ya kurkure da ruwan gishiri kafin ya samu ganin likita, kuma wa ya turo min saƙon godiya da hoton zuciya har uku? A lokacin ban zama 'yar bori ba?

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin moto. Ya ce shi ya yarda da ni, wallahi ya yarda. Amma abin ya zama shubuha, kuma hoton ya riga ya zaga, mahaifiyarsa ta gani, baffanninsa sun gani. Mafita ɗaya ce: a daina bahon, a kankare kusurwar, a bari malami ya zo ya yi wa Inna ruƙiya, sai bakin mutane ya mutu a sa rana. Na tambaye shi alkawarin da ya yi min, cewa ko bayan na tare zan riƙa biyowa ta gida daga lakwal in yi wa Inna kafin in wuce. Ya ce gaishe ta kam zan riƙa yi, amma wancan a bar shi.

"To ka yarda da ni ko ba ka yarda ba?" na ce.

"Na yarda da ke, Hanifa. Amma ba ni iya tsayawa gaban Anti in ce ta yi ƙarya."

"Amma kana iya tsayawa gaban uwata ka ce mushirika ce."

Ya ce shi bai faɗi haka ba. Na ce ka aiko min da hoton ai. Na tashi na shige gida na bar shi a kan dakalin, kuma ko Inna ban gaya wa ba. Da la'asar na ɗora ruwa kamar kullum, tana ba ni labarin bikin wata ƙawarta a Tibiri tana dariya, ni kuwa ina murza ƙafarta.

Ashe dangin Luƙman sun kira Kawu Jibo. Ranar kasuwa ya iso da ƙurar Dumega a ƙafarsa, rawani a wuya, bai ko sha ruwa ba ya fara. Kawu Jibo ba ya iya magana a hankali, ya saba kiran tumaki daga nesa. Na ce ya rage murya Inna na ɗaki, kamar na ce ya ƙara.

"Ke ɗiyar ga, kina da hankali kuwa? Mutane sun taho da niyya ta alheri, ki kore su don ruwan ƙahwa? Shekarunki nawa yanzu? Tsaranki na da ɗiya uku-uku."

Na ce Kawu, kai fa ka kawo gishirin da hannunka, ka san abin da ake yi da shi. Ya ce ya sani sarai, ai shi ya sa yake cewa a bari, abin da ba komai ba ne barin sa ma ba komai ba ne. Ya ce su da suka tashi a gidan mai bori sun san abin da ake ji in ana nuna ka da baki, shekara talatin suna wanke sunan nan, ba ni zan maido musu da shi ba. Ku ji fa. Shi da ke zuwa sau ɗaya a wata ya yi minti ashirin, shi zai gaya min abin da ba komai ba ne a gidan nan.

Ina cikin ba shi amsa labule ya ɗaga. Inna ta fito tana dafa bango. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli ƙanenta ba. Ta ce, "Na ji. Na bari." Ta wuce madafa ta ɗauko fartanya, ta nufi kusurwar nan ta duƙa da ƙafafunta masu ciwo ta dinga kankara har jar ƙasa ta fito. Na je karɓar fartanyar ta ture hannuna. Ta ɗauki bahon ta cilla saman rumfa, ta koma ɗaki.

Malamin ma ya zo, kuma don Allah ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne. Ya yi karatu kusan awa guda, Inna na zaune tana bin sa a inda ta haddace. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba, ko gezau. Da ya gama ya gaya wa Luƙman a gabana cewa shi bai ga komai ba sai baƙin cikin rashi, a kula da ita. Na ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Ina! Da yamma sai ga sabuwar muryar Anti Mubaraka: wai irin waɗannan in sun ji karatu laɓewa suke yi, a dai ci gaba da hana su abin shansu.

Kwana goma sha ɗaya ina kallon uwata tana komawa inda na ɗauko ta. Rana ta uku hirar ta ragu. Rana ta biyar ta mayar da tabarmarta jikin bango. Ƙwayoyinta tana sha, amma silifa ta daina shiga, sai ta taka bayanta tana ja. Na roƙe ta, na ce mu yi a cikin ɗaki mu rufe ƙofa, in zubar da ruwan a makewayi, wa zai gani? Ta girgiza kai. Na ce to bari in murza mata da man kaɗe kawai, ta janye ƙafafun ta rufe da zane. Na gane ba ruwan kaɗai ta bari ba, duk zaman ne ya zame mata abin kunya. Sun sa ta ji kamar ita ce ƙazantar da ke kan hanyar aurena.

Shi kuwa gogan naku, hankalinsa ya kwanta. Kullum saƙo: hoton atamfa kala uku, "Wacce kike so?" Hoton takalmi, "Lamba nawa kike sawa?" Wata rana har da "Ya Inna da jiki? Na san yanzu da sauƙi." Na kalli saƙon nan, na kalli bayan Inna, na kife wayar a kan katifa don kada in jefa ta a randa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba zan yi muku ƙarya ba, har a lokacin in na ga sunansa a waya sai gabana ya faɗi irin na da. Haushin kaina ya fi na kowa.

Yau Asabar aka ce matan gidansu za su kawo goron gaisuwa, kafin maza su zo sa rana. Tun safe na share gida, na yi fanke da miyar kaza, na dama lemun tsamiya. Na sa shadda ruwan zuma da mayafi mai duhu, don kar a ce kuma fari. Inna ta sa atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Bayan azahar suka iso su huɗu, gwaggonsa da mata biyu a kabu-kabu, Anti Mubaraka kuma Luƙman ne ya ɗauko ta a motonsa, ya tsaya a waje kamar yadda al'ada ta ce. Suka ajiye ƙwaryar goro da ledar alawa a tsakiyar tabarma.

Na ga yadda Inna ta tashi tarbar su. Sai da ta dafa ƙasa, ta dafa bango, ta cije leɓe. Ta gaishe su tana rusunawa, har Mubaraka da ta isa ta haife ta. Aka ci aka sha, ana ta hira, ita dai "to" da "madalla" kawai take cewa. Na lura idon Anti ya zaga kusurwar nan sau biyu. Aka kira la'asar, suka yi salla, suka dawo tabarma. Sai ta gyara safar hannunta, ta dubi Inna da murmushi ta ce:

"Inna, kin gani ko? Tun da anka bar abin nan kin natsu, ba ki ko yawan magana. Alhamdu lillahi, an samu lahiya."

Sauran suka ce alhamdu lillahi. Inna ma ta ce alhamdu lillahi, idonta a kan tabarma.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga madafa, tukunyar ruwa na kan garwashi tun ɗazu. Na taka turmi na jawo bahon daga saman rumfa na ɗauraye ƙurar. Sauran gishirin da na ɓoye a gwangwani na dake shi, kuma da gangan na daka da ƙarfi don su ji. Na sirka, na gwada da gwiwar hannu, na ɗauko da shaddata da komai, na ratsa tsakaninsu na dire shi a gaban Inna na durƙusa.

Hirar ta mutu. Na ce, "Ga shi nan, ku duba da kyau. Ruwa ne da gishiri. Anti, hiddo waya ki ɗauka tun daga hwarko, kar ki tsaya ga kusurwa." Gwaggon ta fara salati a hankali. Na miƙa hannu na kama ƙafar Inna, na ji ta da zafi, a kumbure har idon sawun ya ɓace. Na ce Inna sa ƙafarki.

Ta dube ni, karo na farko a kwana goma sha ɗaya da ta dube ni ido cikin ido. Na ga tana so. Wallahi na gani, yatsunta har sun miƙe wajen tururin. Sai ta sunkuya, ta kama bakin bahon da hannu biyu ta kifar. Ruwan ya malala ya bi ƙasan tabarma, matan suka zabura suna tattare zannuwa. Ta juya gare su, ta haɗa tafukanta.

"Ku yi haƙuri, ƙuruciya ce ka damun ta. Mun bari. Wallahi mun bari, kar ku hwasa."

Uwata, mai shekara hamsin da takwas, tana roƙon gafarar Mubaraka a tsakar gidan mijinta don an so a jiƙa mata ƙafa. Duk abin da ya rage min na haƙuri a wurin ya ƙare. Ban yi kuka ba, ban zagi kowa ba. Na ɗauki ƙwaryar goron, na ɗora ledar alawar a kai, na nufi ƙofa. Ina ji gwaggon na cewa a tare ta, ba wadda ta tare ni.

Luƙman na jingine da motonsa yana danna waya. Ya ɗago da murmushi, ya ga abin da ke hannuna, ya ga gaban shaddata a jiƙe, murmushin ya ɗauke. Ya ce lafiya, mi ya faru? Na dangwara masa ƙwaryar a hannu, dole ya karɓa don kar ta zube.

"Goronka ne," na ce. "Ni na hiddo shi, ni ba ni maida shi. In kana so ya koma ciki, kai za ka shiga da shi da ƙahwarka. Ka durƙusa gaban Inna, gaban Antinka, ka hwaɗa mata abin da ka hwaɗa min kan dakalin ga, cewa ka yarda ba ta yi komi ba. Ka roƙe ta ta sa ƙahwarta cikin ruwan. Maganarka kaɗai za ta ji yanzu, tawa ta ƙare. In ba ka iyawa, ga hanya."

Ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Idonsa ya tsallake kafaɗata, na san yayarsa ta biyo ni tana tsaye a zaure, don na ji turarenta. Ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali, irin kiran da ke nufin tashi mu tafi.

Ban tsaya jin amsarsa ba. Na raɓa ta gefenta na shige, na bar ƙofar a buɗe. Inna na nan inda na bar ta, tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauki bahon na koma madafa, na ƙara gawayi, na ɗora wani ruwan. A nan nake tsugune yanzu ina rubuta muku wannan, ruwan ya fara ɗumi, kunnena na waje. Har yanzu ban ji takunsa a zaure ba, kuma ban ji moton ya tashi ba.